Gyaran gidajen ƙasa bayan damina a karkarar arewacin Kano

A kowace shekara idan marka ta kankama cikin watan Agusta, labarin da ake samu daga ƙauyukan arewacin jihar Kano kusan iri ɗaya ne: soro ya rufta, katanga ta faɗi, iyali sun kwashe kayansu sun koma gidan maƙwabta ko ajin makarantar firamare.

A daminar 2020, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar, wato SEMA, ta ba da rahoton cewa ruwa ya lalata dubban gidaje a ƙaramar hukumar Dambatta. A 2022 kuma ambaliyar da ta shafi yawancin jihohin Nijeriya ta hallaka mutane fiye da 600 bisa ƙididdigar gwamnatin tarayya, kuma maƙwabciyar Kano, jihar Jigawa, tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna.

To amma da yawa daga cikin ɗakunan da ke faɗuwa a yankunan Bichi da Makoɗa da Kunchi da Minjibir da Dawakin Tofa ba kogi ne ya cika ya tafi da su ba. Ruwa ne ya daɗe yana shigarsu kaɗan-kaɗan, ta wata tsaga a bisa soro ko ta gindin bango, wani lokaci damina biyu ko uku, kafin a yi ruwan da zai ƙarasa su. Tabon da mai gida ke gani a rufi, da yaɓen da ke ɓanɓarewa a bango, alamu ne na wata kafa da ruwa ya samu. Wanda ya shafe tabon bai toshe kafar ba, aikinsa zai dawo a damina mai zuwa.

Nauyin da ke bisa kan mai barci

Ruwan da ake samu a yankin Kano a shekara ta matsakaici yakan kama daga milimita 700 zuwa 900, kuma kusan dukansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Agusta ya fi kowane wata ruwa.

Lissafin abin da soro ke ɗauka ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Ɗakin da tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa ma mita 4, idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare guda, lita 800 ce ta sauka a kansa, wato cikin duro 4 na lita 200. Duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. Idan ganye ko leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararon, sai soron ya koma tafki.

Ita kanta ƙasar rufin ba ƙaramin nauyi gare ta ba. A ɗaki irin wannan, ƙasa mai kaurin santimita 15 takan kai kimanin tan 4 tun tana busasshiya. Idan ta sha ruwa nauyinta ya ƙaru, ƙarfinta kuma ya ragu, a daidai lokacin da bangon da ke riƙe da azara shi ma ya yi laushi.

Akwai kuma sauyin da aka samu a yanayin ruwan. Magidantan da suka yi gini a shekarun fari na 1973 da 1984 sun saba da damina mai ƙarancin ruwa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya nuna cewa yawan hadari mai tsananin ƙarfi a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Ga ginin ƙasa, ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan ya fi haɗari a kan ruwan da ya rarrabu cikin mako guda.

Yadda aka gina shi, da abin da ya sauya

Ginin Bahaushe na gargajiya ya san ruwa, kuma ya yi masa tanadi. Ana tayar da bango da tubali, gindinsa da kauri, yana sirancewa zuwa sama. Ana jera azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da madogara ba, shi ya sa magina suka ƙware a kan bakan gizo da ɗaurin guga idan ana son ɗaki mai faɗi. A kan azara ake shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa, a daɓe ta da ɗan gangare zuwa bakin indararo.

Sai kuma kayan hana ruwa shiga. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa: a jiƙa shi, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a yi yaɓe. Akwai laso, wanda ya fi ta ƙarko, ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da Gidan Makama a birnin Kano, shaida ce ta irin shekarun da ginin ƙasa kan yi. Amma sharaɗinsa ɗaya ne, a riƙa komawa kansa. Makuba kusan kowace shekara take son a sabunta ta, laso kuma bayan 'yan shekaru.

Wannan sharaɗi ne ya yi wuyar cikawa a yanzu. Yankin da ke kewaye da birnin Kano yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin ilmin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma kusan kowane taku na ƙasa a kowace shekara ba tare da an bar gona ta huta ba. A wurin da gona ke haɗe da bayan gida, samun inda za a haƙi ƙasar gini ma magana ce. Tsofaffin kududdufai da ake ɗibar ƙasa a cikinsu, waɗanda kuma su ne ke shanye ruwan unguwa, an cike wasu an yanka filaye.

Azara daga nesa ake kawo ta, kuma ta yi tsada, saboda haka mutane da dama sun koma amfani da itacen darbejiya ko na turare, waɗanda ba su kai ta jure laima da gara ba. Marinun da Heinrich Barth ya yaba da cinikin tufafinsu lokacin da ya zo Kano a 1851 galibinsu sun mutu a ƙauyuka, katsi kuma ya tafi tare da su. Matasan da a da suke taruwa a yi gayyar yaɓe, yanzu da an gama girbi sai su tafi cin rani.

Daga sama ake farawa

Kuskuren da aka fi yi wajen neman inda soro ke yoyo shi ne a hau a duba daidai saitin inda ruwa ke ɗiga a ɗaki. Ruwa kan shiga ta wani wuri, ya bi jikin azara ko zana, ya ɓullo ta wani wuri dabam. Wuraren da ya fi shiga su ne gefen indararo, da inda rufi ya haɗu da rawanin soro, da gindin zankwaye, da duk inda ƙasa ta lotsa har ruwa ke kwanciya. Ciyawar da ta tsiro a bisa soro ma saiwarta hanya ce.

Ba a hawa soro yana jiƙe. Idan ya bushe, mai gyara kan bi ta gefe-gefe, kusa da bango, inda rufin ya fi ƙarfi. Tsagar da aka gano ba a shafa mata ƙasa a sama kawai. Ana buɗa bakinta, a share ƙurar, a yayyafa ruwa domin sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa, sannan a cika ta kaɗan-kaɗan ana dannawa. Ƙasar gyaran ana so ta kwana a kwaɓe da ramno ko kashin jaki, saboda su ne ke hana ta darewa idan ta bushe. Daga nan sai a maido da gangaren, a bi da makuba.

Akwai wata al'ada da ke kama da gyara alhali ita ce ke jawo ruftawa, wato ƙara ƙasa a kan ƙasa kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwar ba. Kowane santimita 1 da aka ƙara a kan ɗakin da aka ambata a sama ya haura kilo 250. Bayan shekara goma azarar da aka sa domin wani nauyi ta koma tana ɗauke da wani.

Ita azarar ma sai an bincike ta, kuma ba a tsakiyar ɗaki take fara lalacewa ba. Bakinta da ke binne cikin bango shi ne ke fara ruɓewa, domin a can laima ke zama, a can kuma gara ke shiga. Ana ɗan tone gefen bakin a soka wuƙa ko ƙusa. Idan ta shige babu wuya, itacen ya mutu, sai a tokare rufin da gwafa a sauya shi. Yaɓen da aka yi a kan ruɓaɓɓiyar azara ɓarnar kuɗi ne.

Mutane da yawa yanzu suna shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin ƙasar sama. Dabarar tana aiki idan an ɗora bakin wannan leda a kan waccan sosai, an kai ta har cikin indararo, an kuma rufe ta gaba ɗaya yadda rana ba za ta ci ta ba. Amma idan ta huje, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta ba ya samun hanyar bushewa, sai ya zauna a kan itace.

Indararon kuwa ana so ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. Gajeren indararo shi ke yin wannan dogon kwari da ake gani a jikin katanga daga sama har ƙasa.

Gindin bango

Magina sun fi tsoron ruwan ƙasa a kan ruwan sama. Bangon ƙasa yana zuƙar ruwa daga tushe kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir. Ruwan kan taho da gishiri, idan ya bushe sai gishirin ya tsaya a fuskar bangon ya mai da ƙasar gari. Ga kuma fantsamar ruwan da ke sauka daga rufi. A hankali sai a ga gindin bango ya zaizaye ya yi rami, alhali samansa na nan da nauyinsa. Bangon da ke kusa da makewayi, ko wurin wanke-wanke, ko turken awaki da tumaki, shi ne ke fara nuna wannan ciwo, kuma a gidajen wannan yanki kusan babu wanda ba a kiwo a cikinsa saboda taki.

Gyaran yana buƙatar haƙuri. Ba a kankare gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan a lokaci guda, domin za a cire masa abin da ya rage yana tsaye a kai. Ana ɗaukar yanki da bai wuce mita 1 ba, a cire ƙasar da ta mutu har a iske mai tauri, a jiƙa, a cike da tubali ko kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tsallake wani yanki a kama na gaba. Sai waɗannan sun bushe ake dawowa kan waɗanda aka tsallake. Ƙasar da aka kankaro ba a sake kwaɓa ta, saboda gishirin na cikinta.

Bayan haka sai a yi dakali ko tudu mai gangare a gindin bangon, a kuma duba rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida. A wasu garuruwa an ɗaga titi ko lungu ya fi daɓen gidaje tudu, ko maƙwabci ya yi ciko ya juyo da ruwa. A irin wannan hali gyaran mutum ɗaya ba ya isa, sai an kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci an fitar wa ruwan hanya.

Tsaga iri biyu ce. Wadda take kan yaɓe kawai, siririya kamar gashi, ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ratsa bango, musamman a kusurwa ko saman ƙofa, ana iya shafa mata ɗan yaɓe a gicciye a jira makonni. Idan ya sake darewa, bangon yana motsi ke nan, kuma matsalar tana tushe.

Batun siminti

Da zarar manomi ya sayar da amfanin gona ya sami ɗan hali, abin da ya fi sha'awa shi ne ya yi wa bangon ƙasa fulasta da siminti, ya huta da yaɓen shekara-shekara. Ana iya fahimtar dalilinsa. Sai dai wannan hutu yakan zo da tsada.

Siminti da ƙasa ba sa mannewa da juna sosai, kuma ba tare suke buɗewa da tsukewa ba idan zafi da sanyi suka sauya. Bayan 'yan shekaru fulastar kan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, amma ba zai iya fita ba, domin simintin ya toshe hanyar da bango ke bushewa. Haka ma laimar da ke tasowa daga tushe, maimakon ta fice ta fuskar bango sai ta ƙara hawa sama. Daga waje gida na sheƙi, daga ciki ƙasa ta zama taɓo, gara kuma ta sami maɓoya. Wanda ya ƙwanƙwasa fulastar ya ji tana amsawa kamar ganga, to ta riga ta rabu da bangon. Masu kula da tsofaffin gine-ginen ƙasa a duniya sun daɗe da daina yarda da irin wannan gyara. A Djenne ta ƙasar Mali, ƙasa ake sake yaɓa wa babban masallacin garin a kowace shekara, kuma duk garin ne ke fitowa aikin.

Wannan ba ya nufin siminti ba shi da amfani a gidan ƙasa. Wurinsa shi ne tushe: a tayar da harsashi na dutse ko bulo ya ɗara ƙasa da kimanin rabin mita, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa, sannan a ɗora ginin ƙasa. Yana kuma amfani a inda ruwan indararo ke sauka, da cikin magudana. Akwai kuma tubalin da ake matsewa da inji bayan an gauraya ƙasa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, wanda cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya, NBRRI, ta daɗe tana tallatawa. Buhun simintin da zai ƙare a fuskar bango ɗaya, idan aka sa shi a tushe ya fi kare ɗakin.

Gidajen kwano da silin

Rufin kwano ya yawaita a ƙauyukan nan, kuma yana da nasa ciwon. Iskar farkon damina kan ɗaga shi ta sassauta ƙusoshi, tsatsa kuma ta ci gefen ramin ƙusa. Idan kafinta ya yi tsimin kwano bai ɗora wannan a kan wancan sosai ba, ruwa mai iska yakan koma ciki. Idan kuma bakin kwanon bai zarce bango da kyau ba, duk ruwan rufin a jikin bangon zai sauka.

Silin ɗin da ya kumbura da ruwa, a fara kashe wutar ɗakin idan akwai, a ajiye bokiti, a huda ƙaramin rami a tsakiyar kumburin domin ruwan ya sauka kafin ya faɗo da allon gaba ɗaya. Bayan an gyara kwanon a bar wurin ya bushe sosai. Allon da ya lanƙwashe ba ya miƙewa, sauya shi ake yi, tare da katakon da ya ruɓe. Fenti shi ne na ƙarshe.

Tsofaffin gidaje da makarantu da yawa suna da silin na asbestos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa shaƙar ƙurarsa na haddasa cutar daji ta huhu, saboda haka ba a yanka shi da zarto ko a farfasa shi a bushe. Ana jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, a nesanta yara daga wurin. Hukumar ta kuma fitar da ƙa'idoji a 2009 da suka danganta zama a ɗaki mai laima da fumfuna da ƙaruwar tari da asma. Ɗakin da ke warin ruma bayan damina yana buƙatar a buɗe ƙofa da taga, a fitar da katifa da tabarmi rana.

Lokacin da ya kamata a bar ɗaki

Yawancin waɗanda gini ke faɗawa a kansu cikin dare abin ke samunsu, suna barci, kuma yara da tsofaffi sun fi shiga haɗarin. Ginin ƙasa ba kasafai yake faɗuwa babu gargaɗi ba. Ƙasa kan riƙa zubowa daga rufi, azara ta yi ciki ko a ji tana ƙara, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, bango ya karkata ko ya yi tumbi, tsaga ta ƙara faɗi cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan a tsakiyar marka, ba a kwana a cikinsa. Haɗarin kuma bai wuce da ɗaukewar ruwa ba, domin jiƙaƙƙen bango kan faɗi kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwan.

A cikin damina abin da ake iya yi na wucin gadi ne kawai: a tokare rufi, a buɗe indararo, a lulluɓe saman bango da tamfol ko leda, a haƙa wa ruwa hanya. Lokacin kuma ya zo daidai da sa'ar da manomi ke tsakiyar aikin gona, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi babu.

Babban gyara na bayan kaka ne. Daga Nuwamba zuwa Disamba bango ya fara bushewa, kududdufi bai ƙafe ba tukuna, gero da dawa da wake sun shigo gida, ga kara da ciyawa a wadace. Illar wannan lokaci ita ce iskar hunturu, wadda ke busar da yaɓe da sauri har ya tsattsage, shi ya sa ake yin sa sirara-sirara, shafi biyu ko uku, da safe ko da yamma. Wanda ya bari sai Maris ko Afrilu zai tarar ruwan kwaɓi ma saye ake yi daga 'yan garuwa.

Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan fitar da hasashenta na damina a farkon kowace shekara, tare da lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowace jiha. A arewacin Kano ruwan shuka yakan zauna ne a cikin watan Yuni, amma hadarin farko mai iska kan riga shi da makonni. Kafin wannan hadari ne ake hawa soro a karo na ƙarshe, a share indararo, a toshe tsagar da zafin bazara ya buɗe, a kuma sake buga ƙusoshin kwanon da suka ɗago.